BABI NA UKU: MATSAYIN GADO DA TARIHIN IYALI WAJEN KAMUWA DA CIWON SUKARI A ƘASASHEN BOƊINGA DA SHAGARI

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin duba dangantakar da ke tsakanin ciwon sukari da gado, wato yadda samun mai wannan ciwo a cikin zuri'a yake ƙara wa sauran 'yan'uwa yiwuwar kamuwa da shi, ko faɗawa cikin matakin da ke gabatarsa. An ɗora bayanin ne a kan al'ummar ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari ta jihar Sakkwato, waɗanda suke kudu maso yammacin birnin Sakkwato, a kan hanyar da ta nufi Tambuwal da Jega. Bisa ga ƙidayar jama'a ta shekarar 2006, Boɗinga tana da mutane sama da 170,000, ita kuwa Shagari sama da 150,000. Mafi yawansu Hausawa ne da Fulani masu sana'ar noma da kiwo, ana noman gero da dawa da wake a tudu, sannan shinkafa da albasa da sauran kayan lambu a fadamu da bakin madatsar ruwa ta Shagari.

Wannan yanki ba baƙo ba ne ga sha'anin nasaba. A Sifawa ta ƙasar Boɗinga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a shekarar 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a garin Boɗinga. Garin Shagari kuwa shi ne mahaifar Alhaji Shehu Shagari, shugaban Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Ba abin mamaki ba ne a sami dattijo a waɗannan garuruwa ya jero kakanninsa ɗaya bayan ɗaya har ya dangana da zamanin jihadi. Sai dai idan aka tambayi wannan dattijo ciwon da ya yi ajalin mahaifinsa, amsar da za a fi samu ita ce, "Ya yi 'yar jinya, kwana ya ƙare." Wannan giɓi da ke tsakanin sanin nasaba da rashin sanin cutar da ke bin nasabar, shi ne abin da babin zai fi mayar da hankali a kansa.

3.1 Ciwon Sukari da Matakin Share Fagensa

Duk abincin da ya ƙunshi hatsi, tuwo ne ko fura ko kunu, idan ya narke a ciki yakan koma wani nau'in sukari wanda jini ke ɗauka ya rarraba wa sassan jiki domin samun kuzari. Sukarin ba ya iya shiga tsoka sai da taimakon wani sinadari mai suna insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi take samarwa, likitoci na kiranta fankiriyas. Idan wannan gaɓa ta kasa samar da isasshen insulin, ko kuma jiki ya daina jin aikinsa yadda ya kamata, sai sukari ya taru a cikin jini. Taruwar nan ita ce ciwon sukari. Idan ta daɗe ba a kula ba takan lalata jijiyoyin ido da ƙoda da zuciya da ƙafafu.

Ciwon iri-iri ne. Nau'i na ɗaya ya fi kama yara da matasa, mai shi kuma ba ya rayuwa sai da allurar insulin. Nau'i na biyu shi ne ya fi yawa, domin ya ɗauki fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon, kuma ya fi bayyana ga manya. Akwai kuma wanda ke tasowa lokacin goyon ciki ya lafa bayan haihuwa.

Nau'i na biyu ba ya faɗo wa mutum dare ɗaya. Kafin ya tabbata akwai wasu shekaru da sukarin jini yake zarce ƙa'ida amma bai kai mizanin da za a kira shi ciwo ba. Wannan shi ne aka kira matakin share fage a cikin wannan nazari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa idan aka gwada jinin mutum da safe kafin ya karya kumallo, bayan ya yi aƙalla awa 8 bai ci kome ba, aka sami milimol 7.0 a kowace lita ko fiye, to ciwo ya tabbata bayan an sake gwajin. Idan kuwa aka sami tsakanin 6.1 da 6.9, yana matakin share fage. Ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka ta sauko da farkon wannan mataki zuwa 5.6. Akwai kuma gwajin da ake ba mutum ruwa mai giram 75 na sukari ya sha, a auna jininsa bayan awa 2: daga 7.8 zuwa 11.0 share fage ne, daga 11.1 zuwa sama kuwa ciwo ne. Abin lura a nan shi ne mai share fage ba ya jin kome a jikinsa. Yana noma, yana cin kasuwa, yana azuminsa lafiya. Amma masana sun ƙiyasta cewa a cikin kowane mutum ɗari da ke wannan mataki, tsakanin 5 zuwa 10 sukan tsallaka zuwa cikakken ciwo a kowace shekara, wasu kuma sukan koma daidai.

3.2 Abin da Ake Gada

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ɗa yakan ɗauko wani abu daga iyayensa, shi ya sa yake cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, idan kuma ɗan ya saɓa sai a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. A al'adance ana danganta wannan ga jini. A ilmin kimiyya kuwa, abin da ke ɗauke da gadon shi ne wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ke jere a kan zare 46 a cikin ƙwayar jikin mutum, 23 daga uwa, 23 daga uba. A nan ya kamata a bambanta wannan gado da rabon gadon dukiya wanda jama'ar yankin suka fi sani. A gadon halitta namiji da mace kasonsu ɗaya ne, babu magajin da ke tare wani, kuma abin da ya zo ta wajen uwa nauyinsa ɗaya da wanda ya zo ta wajen uba.

Dangane da nau'i na biyu, babu wata ƙwayar gado guda ɗaya da za a nuna a ce ita ce ciwon. Zuwa shekarar 2024 masu bincike sun gano wurare sama da 600 a cikin zaren halittar ɗan Adam waɗanda ke da alaƙa da shi, kowane wuri da ɗan ƙaramin tasirinsa. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne TCF7L2, wanda aka gano a ƙasar Ayislan a shekarar 2006. Daga baya aka tabbatar da tasirinsa ga mutanen Afirka ta Yamma, ta hanyar wani babban bincike da Farfesa Charles Rotimi ya jagoranta a asibitocin Ibadan da Legas da Inugu a Nijeriya, da Akara da Kumasi a Gana. Wato ke nan abin da ɗa yake gada shi ne rauni ko shiri na kamuwa, wanda yawansa ya danganta da adadin waɗannan ƙwayoyi da suka haɗu a jikinsa. Wannan ne ya sa ake samun shaƙiƙai biyu, ciki ɗaya, ɗaya ya kamu yana da shekara arba'in, ɗayan ya tsufa bai kamu ba.

Girman haɗarin kuwa an auna shi a wurare da dama. Binciken da aka yi a kan 'ya'yan mutanen garin Framingham na Amurka, wanda aka buga a shekarar 2000, ya nuna cewa wanda ɗaya daga cikin iyayensa ke da ciwon, yiwuwar kamuwarsa ta ninka ta wanda ba haka ba kimanin sau uku da rabi, wanda kuwa uwa da uba duka suke da shi, ta ninka kimanin sau shida. Wani binciken da ya haɗa ƙasashen Turai takwas, aka buga a 2013, ya sami ninki na kusan sau uku ga mai ɗan'uwa na kusa da ke da ciwon, da kimanin sau biyar ga wanda iyayensa biyu ke da shi. Haɗarin yakan ƙaru idan mahaifin ya kamu tun yana da sauran ƙuruciya.

Shi ma matakin share fage gado yana taɓa shi. A shekarar 2013 masana a ƙasar Jamus sun duba mutum 8,106 waɗanda ba su da ciwon sukari, suka tarar 2,624 daga cikinsu suna matakin share fage. Bayan an cire tasirin shekaru da jinsi da ƙiba, sai aka ga cewa masu uwa ko uba ko ɗan'uwa mai ciwon sun fi sauran yiwuwar kasancewa a wannan mataki da kashi 26 cikin ɗari. Wani abu da ya fito a binciken, wanda ya shafi yankin da ake nazari, shi ne tasirin gadon ya fi bayyana ga mutanen da ba su da ƙiba. Manomin Boɗinga ko makiyayin Shagari da yake ganin cewa shi siriri ne, ciwon masu teɓa ba zai same shi ba, to siranta ba ta goge abin da ya ɗauko daga gida ba.

Sauran nau'o'in ana iya taƙaita su. A nau'i na ɗaya, mafi yawan yaran da suka kamu babu mai ciwon a gidansu, ko da yake shaƙiƙin wanda ya kamu yana da haɗarin kimanin kashi 6 cikin ɗari, alhali na sauran jama'a bai kai kashi 1 ba. Akwai kuma wani nau'i da ba a cika samu ba wanda ƙwayar gado guda ɗaya ke haddasawa, yana bayyana kafin shekara 25, yana bin kaka da ɗa da jika a jere, kowane ɗa kuma yana da rabin yiwuwar ɗaukarsa. Wani kuma ta wajen uwa kaɗai yake bi, yakan zo tare da kurumta.

3.3 Gadon Jini da Gadon Tukunya

Iyali ba jini kaɗai suke tarayya a kansa ba. Tukunyarsu ɗaya, sana'arsu ɗaya, yadda suke zama da yadda suke kai da kawo duk iri ɗaya ne. Saboda haka idan aka ce ciwo yana bin gida, abu biyu ne suka cuɗanya. Hujja a kan haka ita ce nazarin da masana na Jami'ar McGill ta Kanada suka buga a 2014, wanda ya nuna cewa wanda mijinta ko matarsa ke da ciwon sukari, haɗarinsa ya ƙaru da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu, ko da babu dangantakar jini a tsakaninsu.

Misalin da aka fi kawowa a duniya shi ne na ƙabilar Pima. Jama'a ce mai asali ɗaya, wasu suna zaune a jihar Arizona ta Amurka, wasu a tsaunukan Meziko suna noma da hannu. Binciken da aka buga a 2006 ya sami ciwon ga kashi 38 cikin ɗari na manyan Pima na Arizona, amma na Meziko kimanin kashi 7 kawai. Ba sai an je nesa haka ba. A nan jihar Sakkwato, likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ƙarƙashin jagorancin Dakta Anas Sabir, sun gwada Fulanin da ke zaune a birnin Sakkwato suka sami ciwon ga kashi 4.6 cikin ɗari, aka buga sakamakon a 2011. Da suka gwada Fulanin karkara kuwa, a binciken da aka buga a 2013, kashi 0.8 suka samu. Jinsi ɗaya ne, jiha ɗaya, amma bambancin ya haura ninki biyar. Har ila yau, a karkarar ma, waɗanda aka samu a matakin share fage sun ninka masu cikakken ciwo sau da yawa. A faɗin ƙasa kuma, binciken cututtukan da ba a ɗauka na shekarar 1992 ya sami kashi 2.2, nazarin da Farfesa Andrew Uloko na Kano da abokan aikinsa suka buga a 2018 kuwa ya sami kusan kashi 5.8, inda shiyyar arewa maso yamma take da kashi 3.

Idan aka yi la'akari da waɗannan alƙaluma, za a ga inda Boɗinga da Shagari suka tsaya. Karkara ce, amma karkarar da ke kan babbar hanya, kusa da birni. Kakan da ya rayu a kan furar gero da nono da tuwon dawa, yana tafiya gona da kasuwa a ƙasa, yana huɗa da garma, mai yiwuwa ne ya ɗauki ƙwayoyin ciwon har ya koma ga Mahaliccinsa ba su motsa ba. Jikansa da ya zama ma'aikacin ƙaramar hukuma ko ɗan tireda ko direba, wanda ke karya kumallo da shayi mai kauri da burodi, ya ci shinkafa ko taliya da rana, ya kora da lemun kwalba, ya hau babur ko da zuwa masallaci ne, ƙwayoyin nan dai su ne a jikinsa, amma sun sami damina. Ko furar ma da ake tinƙaho da ita, yanzu da wuya a dama ta ba a zuba mata sukari ba.

Akwai wani nau'in gado na uku wanda ba na ƙwayar halitta ba ne kuma ba na tukunya ba, wato halin da jariri ya tarar a cikin mahaifa. A cikin 'yan ƙabilar Pima an kwatanta shaƙiƙan da aka haifa kafin uwarsu ta kamu da waɗanda aka haifa bayan ta kamu, aka ga na bayan sun fi yayyensu haɗari fiye da ninki uku. Yunwa ma tana barin irin wannan tabo. Masana biyu na Ingila, Hales da Barker, sun gabatar da ra'ayin a 1992 cewa jaririn da bai sami isasshen abinci a ciki ba, jikinsa yakan ginu a kan tsimi, idan ya girma ya sami yalwa sai ya kasa ɗauka. An ga alamun haka ga waɗanda aka yi cikinsu lokacin yunwar ƙasar Holan ta 1944 zuwa 1945, an kuma gani a Inugu, a binciken da aka buga a 2010, ga waɗanda aka haifa lokacin yunwar yaƙin basasar Nijeriya. Ƙasar Sakkwato ta sha farin shekarun 1973 da 1974, kuma waɗanda aka haifa a lokacin yanzu sun haura shekara hamsin, wato shekarun da ciwon ya fi bayyana. Wannan abu ne da ya cancanci masu bincike su waiwaya.

3.4 Tsarin Iyali da Ma'anar "Ɗan'uwa"

Tambayar da ma'aikacin lafiya ya saba yi ita ce, "Akwai mai ciwon suga a danginku?" Wannan tambaya an gina ta ne a kan iyalin da ya ƙunshi miji da mata ɗaya da 'ya'yansu. A Boɗinga da Shagari, kamar sauran ƙasar Hausa, gida ya fi haka faɗi, kuma kalmomin zumunta ba sa rarrabe abin da likita yake son a rarrabe. Mutum yakan kira wan mahaifinsa ko ƙanen mahaifinsa baba, ya kira 'yar'uwar mahaifiyarsa ko kishiyarta inna, ya kira ɗan baffansa wa ko ƙane. Ta fuskar ladabi wannan daidai ne. Ta fuskar gado kuwa matsayinsu ya bambanta ƙwarai. Uwa da uba da ɗa da shaƙiƙi suna tarayya da mutum a kan rabin ƙwayoyin gadonsa. Kaka da baffa da gwaggo da kawu da innar da take shaƙiƙiyar uwa, da kuma ɗan'uba, kashi ɗaya bisa huɗu ne. Ɗan baffa da taubashi kashi ɗaya bisa takwas. Kishiyar uwa da agola da ɗan'uwan shan nono kuwa babu tarayyar jini, sai fa idan dama akwai wata dangantaka.

Alal misali, a ɗauki magidanci mai mata biyu. Idan shi ne mai ciwon, 'ya'yan ɗakunan biyu haɗarinsu ɗaya ne ta wajensa. Idan kuwa uwargida ce mai ciwon, 'ya'yanta ne suka gada, 'ya'yan amarya ba su gaji jininta ba, amma suna cin girkinta ranar da take da aiki. Haka kuma al'adar riƙo, inda ake ba gwaggo ko kaka ko wadda ba ta haihu ba yaro tun daga yaye, takan sa mutum ya ba da tarihin gidan da ya tashi a maimakon na waɗanda suka haife shi. Duka biyun suna da amfani ga likita, amma sai an san wanne ne wanne.

Wani abin kuma shi ne yadda ake ƙirga nasaba ta wajen uba. Idan aka ce wa mutum "gidanku", gidan ubansa yake ji. Dangin uwa, waɗanda sau da yawa suke wani gari, kamar a ce uwar daga Dandin Mahe ko Kajiji aka auro ta zuwa Sifawa, ba su cika faɗowa a ransa ba. Alhali rabin gadonsa daga can ya fito, kuma bincike da dama ya nuna cewa masu nau'i na biyu sun fi ambaton ciwon ga uwayensu bisa ga ubanninsu.

Auren zumunci, wanda ya yawaita musamman a gidajen Fulani da na malamai da na sarauta, yana da nasa matsayi. Yaron da iyayensa 'ya'yan wa da ƙane ne yana da kakannin iyaye shida a maimakon takwas, domin biyu daga cikinsu sun zo masa ta ɓangarorin biyu. Idan ɗaya daga cikin waɗannan biyun mai ciwon ne, to hanya biyu ke nan ƙwayoyinsa suke da ita ta isowa ga yaron. Inda tasirin irin wannan aure ya fi tabbata shi ne ga cututtukan da sai an sami ƙwaya iri ɗaya daga uwa da uba suke bayyana, kamar amosanin jini da wasu nau'o'in ciwon sukarin jarirai da ba a cika gani ba. Dangane da nau'i na biyu kuwa sakamakon bincike ya saɓa wa juna, saboda haka ba daidai ba ne a ɗora wa auren zumunci alhakin yaɗuwar ciwon. Abin da za a iya cewa shi ne a irin wannan gida tarihin ɓangaren uwa da na uba yakan zama ɗaya, kuma mutum guda mai ciwon ya kamata a lissafa shi a ɓangarorin biyu.

3.5 Dalilan Ɓoyuwar Tarihin Ciwon

Babban dalili shi ne rashin gwaji. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon a nahiyar Afirka ba su san suna da shi ba. Idan haka abin yake a wannan zamani, ina ga zamanin kakanni, lokacin da sai an yi tattaki zuwa Sakkwato kafin a ga likita? Don haka idan mutum ya ce babu mai ciwon a gidansu, abin da maganarsa take nufi a mafi yawan lokuta shi ne babu wanda aka taɓa gwadawa aka gaya masa. Wannan ya sa alƙaluman da aka samo daga Turai da Amurka, inda kusan kowane dattijo yake da kati a asibiti, ba za a ɗora su kai tsaye a kan amsar mutumin karkara ba. "E" ɗinsa abin dogaro ne, "a'a" ɗinsa kuwa sai an bincika.

Na biyu, ciwon yakan ɓuya a ƙarƙashin wasu sunaye. Gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa akan ce daji ne ko sammu ko an taka wani abu. Ramar da ba a san dalilinta ba akan danganta ta ga shawara ko maita. Dushewar gani tsufa ce, yawan fitsari sanyi ne, shanyewar ɓarin jiki kuwa bugun iska. Matar da take haihuwar manyan jarirai masu nauyin da ya haura kilo 4, ko cikinta yake yawan lalacewa dab da haihuwa, ba a cika kawo ciwon sukari a lissafinta ba, alhali waɗannan suna daga cikin alamunsa.

Na uku shi ne kunya da sirri. Ɗa ba ya tsare mahaifinsa da tambayar abin da ke damunsa, balle ciwon da ya shafi fitsari, wani lokaci har da raunin mazakuta. Wasu kuma sukan ɓoye ne don gudun kada a ce gidansu gidan ciwo ne, 'ya'yansu mata su rasa manema. Wannan tsoro ba shi da tushe mai ƙarfi, domin kamar yadda aka gani a baya, abin da ake gada shiri ne wanda ake iya tarewa, kuma da wuya a sami babbar zuri'a a yau wadda babu mai ciwon a cikinta ko ɗaya. Ɓoyewar dai 'ya'yan gidan take cutarwa, tun da su ne za su rasa gargaɗin.

3.6 Amfani da Tarihin Iyali Wajen Rigakafi

Tarihin iyali gwaji ne da ba a biyan ko kwabo a kansa. Binciken Turai na 2013 da aka ambata ya nuna cewa ƙwayoyin gadon da aka sani a lokacin, ko da an haɗa su da ƙiba da yanayin rayuwa, kaɗan ne kawai suka bayyana daga cikin haɗarin da tarihin iyali yake nunawa. Ma'ana, tambayar da ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye zai yi da baki tana ɗauke da bayanin da gwajin ƙwayoyin halitta mai tsada bai gama kamowa ba, muddin an iya yin ta. A ra'ayin wannan nazari, ya kamata a sake fasalin tambayar ta dace da yankin. A tambayi mutum game da wadda ta haife shi da wanda ya haife shi, kowane daban, sannan waɗanda suke ciki ɗaya da shi, sannan 'yan'uba, sannan kawunai da sauran dangin uwa. Idan ya ce ba a taɓa gwada su ba, sai a bi ta alamu: ko akwai wanda aka yanke wa ƙafa ko yatsa, ko wanda ya makance kafin tsufa, ko wanda ya rame yana yawan shan ruwa da fita fitsari cikin dare, ko wanda kiyashi ke taruwa inda ya yi fitsari. Tsofaffin mata na gida sun fi kowa riƙe irin wannan labari, domin su ne masu jinya.

Wanda aka sami tarihin a gidansu, abin da ya hau kansa shi ne gwaji tun kafin alama ta bayyana. Ƙungiyar masana ta Amurka, tun daga 2022, tana ba da shawarar kowa ya fara gwaji daga shekara 35, mai nauyin jiki da ke da uwa ko uba ko shaƙiƙi mai ciwon kuwa ya fara kafin nan. Idan sakamako ya yi kyau a maimaita bayan shekara 3, idan an sami share fage a riƙa yi kowace shekara. Mai juna biyu akan gwada ta tsakanin mako na 24 da na 28, wadda kuma sukarinta ya taɓa hawa lokacin ciki za ta ci gaba da gwaji bayan haihuwa, ko da ya sauka.

Cewa gado ba hukunci ba ne an tabbatar da shi ta gwaji a aikace. A birnin Da Qing na ƙasar Sin daga 1986, da ƙasar Finlan a binciken da aka buga a 2001, da Amurka a 2002, an ɗauki masu share fage aka sa su gyara abinci da motsa jiki. A Finlan da Amurka kamuwa ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Abin da aka nema daga mahalarta na Amurka shi ne su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su yi tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako, waɗanda aka ba ƙwayar metformin kaɗai kuwa ragin da suka samu kashi 31 ne. Ga mutumin Boɗinga ko Shagari wannan ba ya buƙatar wani abincin kanti. Gero da dawa da ba a surfe su ƙwarai ba, da wake, da zogale da rama da kuka da kuɓewa, da nonon da ba a sa wa sukari ba, duk suna gonarsa ko kasuwar garinsu. Abin da zai rage shi ne girman malmala, da lemun kwalba, da cokulan sukarin shayi da koko. Tun da tukunya ɗaya ce, gyaran da aka yi saboda mutum ɗaya yakan game duk gidan, ciki har da yaran da suka gaji jininsa.

Akwai taka-tsantsan guda game da nau'in gwajin. Asibitocin birni suna amfani da wani gwaji mai suna HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce, inda kashi 6.5 zuwa sama yake nuna ciwo. Wannan gwaji ya dogara ne a kan jajayen ƙwayoyin jini, saboda haka yakan ba da sakamako na kuskure ga mai amosanin jini, ko mai ƙarancin jini sakamakon zazzaɓin cizon sauro ko haihuwa. Da yake waɗannan matsaloli sun yawaita a yankin, kuma amosanin jini shi ma gado ne da ke bin gidaje, ya kamata wanda aka tura daga Boɗinga ko Shagari zuwa Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Sakkwato ya shaida wa likita idan akwai sikila a gidansu, domin a yi masa gwajin kafin karya kumallo ko na shan ruwan sukari a maimakon wancan.